Jirgin Ƙasa a Aljihun Babbar Riga

Abubuwa da yawa sun wuce ni a kasuwa na manta da su, amma ba zan taɓa mantawa ba da la'asar ɗin da na je nema wa Nasiru aure. Bari in lissafa maka abin da aka ɗora mini ranar, don ka san nauyin abin da na kusa zubarwa. Akwai Nasiru kansa, ɗan yayana, mai gyaran injin ban-ruwa, wanda ya shekara biyu yana son yarinya ɗaya bai kalli wata ba. Akwai ciki da falo da ya gama yi wa rufi da guminsa. Akwai goro da alawa a bayan mota. Akwai kuma yayana da ya zauna a gida yana jiran labari, tun da uba ba ya zuwa nema wa ɗan cikinsa aure. Shi ne ya ce da ni, "Kai ne mai baki a gidan nan, je ka yi mana magana." Ni kuwa na ƙara wa kaina wani kaya a aljihu wanda ba wanda ya aike ni da shi.

Sana'ata takarda ce. Na fara da tallar tsofaffin jaridu ga masu tsire a tashar Ɗanbatta, yau kuwa, alhamdu lillahi, mota nake cikowa daga Kano: jaridu da littattafan gwanjo da suka rasa mai saye, duk a kan sikeli. Masu ƙosai, masu balangu, masu shagon da ke ƙulla sukari, daga Bici har ƙauyukanmu, da wuya ka ci abin da aka naɗe a takarda ba ta hannuna ta biyo ba. Ƙa'idata ɗaya ce tun farko. Ba na sayar da dila sai na kwance na duba, kada a sami aya ko sunan Allah a cikin abin da za a naɗe nama a jefar a bola. To a wajen wannan dubawa ne jirgin ƙasa ya same ni.

Wani ƙaton littafi ne mai bango kamar katako. Da na ɗaga shi, abin da ya fara zuwa raina nauyinsa ne (ɗan kasuwa ke nan). Sai na buɗe. Hotuna ne baƙi da fari, na jiragen da can masu cin kwal suna aman hayaƙi. Ina cikin juyawa na iske wani shafi, buhuna an tara su kamar tsauni, taragai sun jeru a gefe, a ƙarƙashin hoton kuma ga kalma ɗaya da ban nemi mai karanta mini ba: Kano. Mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, ya sha ba mu labarin yadda suke kai gyaɗa a kan jakuna, ya ce jirgi ne yake kwashe ta duka ya yi Kudu da ita. Na zauna a kan dila ina kallon hoton nan har mai tsiren da ke jirana ya gaji ya tafi.

Daga ranar duk littafin jirgi da ya faɗo hannuna gefe nake ajiye shi. Akwai na tarihi, akwai na masu sha'awar abin da aka zana musu cikin injin kamar an feɗe rago, akwai na yara masu launi. Turancina na aji huɗun firamare ne, amma da hoto da haƙuri na gane abubuwa. Na gane faɗin layin dogo ba ɗaya ba ne a ko'ina, na gane injin kwal ya fi garken shanu shan ruwa. Na sayi akwatin ƙarfe na ajiye a ƙuryar shago, in kasuwa ta yi sanyi in ja labule. Ba wanda ya sani sai maiɗakina, ita ma kama ni ta yi. Ka dai san yadda abin yake: mutum da furfura a gemu, 'yan kasuwa na kawo masa sasanci, a ce an gan shi yana kallon littafin yara yana murmushi.

Wanda ya jawo mini abin ɗan ƙarami ne, bai fi tafin hannu da rabi ba, shafukansa masu kauri. Jirgi ne ya ɗauko giwa da biri da raƙumin dawa, kowa ya leƙo kai ta taga. A gefensa akwai madannai, alamar da can yana magana. Na danna, na girgiza, na buga a gwiwa, shiru. Abin ya tsaya mini a rai. Na ga jirgi a hoto ya fi a ƙirga, amma ina so in ji wane irin kuka suka sa masa.

Ranar da za mu je tambayar auren ta faɗo ranar kasuwa. Na yi wanka, na sa babbar rigata fara wadda ba na taɓawa sai da dalili, na ga da sauran lokaci, sai na biya wajen mai gyaran agogo. Na ce na wani yaro ne. Ya kwance bayan, ya kankare tsatsa, ya sa sababbin ƙananan batura, ya danna. Shiru. Ya sake dannawa.

"Alhaji, wannan ya mutu. Ka saya wa yaron balan-balan."

Daidai nan Alhaji Ɗanjuma ya fara matsa mini ham daga bakin titi. Ɗanjuma dillalin awaki ne, abokina tun muna yara, shi na roƙa ya raka ni. Na rasa inda zan sa littafin kada ya gani, sai na zura shi a aljihun gaba na babbar riga. Aljihun nan kuwa ka san shi, ko ɗan akuya ka sa zai ɓace.

Gidan da za mu gidan malamai ne a wani ƙauye yamma da gari, karatu gadonsu ne kaka da kakanni. Ko rediyo ba a kunnawa a zaurensu sai don tafsiri da labarai. Babbansu shi ne kakan yarinyar, kowa Malam Babba yake ce masa, tsoho tukuf, idonsa ya yi rauni. Waliyyinta kuwa ƙanin mahaifinta ne, Malam Habibu, wanda bai ɓoye wa kowa ba cewa ya fi son a ba wani ɗalibinsu maimakon ɗan gidan 'yan kasuwa. A ganinsa mu mutanen surutu ne da wasa. Saboda haka tun a mota na shiga yi wa Ɗanjuma huɗuba, don wayarsa in ta yi ƙara kalangu take bugawa.

"Ka kashe wayar nan. Ba a rage murya ba, a kashe."

"Na ji, Liman."

"Kuma ban da dariyar nan taka ta kasuwar awaki. In an yi tambaya ni zan amsa."

"To ni me na zo yi? Riƙe maka takalmi?"

Ya dai kashe ta a gabana, ya nuna mini.

Muka isa bayan sallar la'asar. Zauren a share tas, Malam Babba a kan buzu, Malam Habibu a damansa, manyan ɗalibai sun jeru jikin bango da littattafansu. Muka cire takalma, muka yi sallama. Na ce a raina yau sai sun san 'yan kasuwa ma an yi musu tarbiyya. Na matsa gaban tsohon na tsuguna, irin tsugunon da ban yi wa kowa ba tun rasuwar mahaifinmu, na sunkuyar da kai har ƙirjina ya hau kan gwiwata. Na buɗe baki da muryar ladabi:

"Allah ya gafarta Malam, mun same ku lafi..."

Tuuu. Tuuuuu.

Abin da ɗan yatsan mai gyaran agogo ya kasa, gwiwar mutum mai tumbi ta yi shi. Bayan kukan sai cuku-cuku-cuku, a hankali, sannan da sauri. Sai ƙararrawa. Sai kuma muryar wata Baturiya ta ɗauki waƙa, yara suna amsa mata, da ɗan kiɗansu mai zaƙi. A zauren da ko tafi ba a yi.

Ban motsa ba. Na san daga ina yake fitowa, don har a haƙarƙarina nake jin sa. Amma shekarun da na yi a kasuwa sun koya mini cewa in ciniki ya ɓaci, kada fuskarka ta fara nunawa. Sai na juya a hankali, na haɗe gira, na dubi abokina na tun yarinta.

"Haba Alhaji Ɗanjuma. Ban ce ka kashe wayar nan ba?"

Har yau in na tuna kallon da ya yi mini sai in ji zufa. Ya zaro wayar, ya ɗaga ta sama kamar wanda aka tsayar a shingen bincike, ya juya ta kowa ya ga baƙar fuskarta.

"A gabanka na kashe ta, Alhaji."

Malam Habibu ya ce kowa ya duba tasa. Ɗalibai suka shiga laluben aljihu, kowa na tsoron a ce shi ne. Kafin su gama Baturiya ta kai ƙarshen waƙarta ta yi shiru. Na ce alhamdu lillahi, an wuce wurin. Na gyara murya, na kawo gaisuwar yayana, na faɗi asalinmu da sana'ar yaro, magana tana tafiya sumul har na fara jin daɗin kaina. Sai na miƙa hannu zan tura ƙunshin goro gaban Malam Habibu, na sake sunkuyawa.

Wannan karon giwa ce ta fara.

Yanzu kam ba sauran shakka, duk idanu a ƙirjina suke. Na kai hannu na dafe aljihun don in toshe masa baki, ashe madannan duka na haɗa na danne. Giwa, biri, ƙararrawa, kukan jirgi da Baturiya suka tashi gaba ɗaya. Wani ɗalibi ya kifa fuskarsa a cikin littafi, kafaɗunsa na rawa. Wani ya tashi ya fita kamar an kira shi.

Da abin ya lafa, Malam Babba ya ɗago kai, ya ce cikin natsuwa, "Wane ne ya shigo mana da jirgi?"

Na zura hannu na fito da shi. Ja, kore, rawaya, ga raƙumin dawa ya miƙo wuya ta taga. A hannun mutumin da aka turo a matsayin babban gida. Nan ma, maimakon in tsaya, sai bakina ya sake neman mafita.

"Allah ya gafarta Malam, na jikana ne. Mantawa na yi da shi."

Ɗanjuma ya gyara zama. Na san an zo wurin.

"Ikon Allah. Alhaji, yaushe aka yi sunan ba ka gayyace ni ba? Ni dai a sanina ko ɗa ɗaya ba ka aurar ba, autanka ma gemu ya fara fito masa."

(Ban ga laifinsa ba. Ni na fara.)

Na dubi tabarma, na dubi littafin, na ga ba sauran ƙofar da ban gwada ba. Na ce, "Nawa ne, Malam. Ni nake karantawa. Ina da su cikin akwati."

Malam Habibu ya juya wajen tsohon, bai ko rage murya ba. "To, Baba, ka ji babban da suka turo mana."

Malam Babba ya miƙo hannu, na sa masa littafin. Ya shafa bangon, ya shafa madannan, bai danna ba. Sai ya kau da fuskarsa wajen bango ya daɗe a haka. Da ya yi magana, a gajarce ya yi ta, muryarsa a shaƙe.

"Ku tashi ku je. Za ku ji daga gare mu."

Ba addu'a, ba fatiha. Malam Habibu ya sa wani ɗalibi ya biyo mu da goronmu da alawarmu har mota. Duk wanda ya san al'ada ya san me wannan yake nufi. Littafin kuwa ba a dawo mini da shi ba, ni ma ban tambaya ba.

A hanya Ɗanjuma ya yi ta tuƙi har muka hau kwalta. Sannan ya kunna wayarsa, ya ce, "Duk mutanen da ke zauren nan, ni ka zaɓa." Ya sauke ni ya wuce.

Faɗa wa yayana bai yi mini wuya kamar faɗa wa Nasiru ba. Yaron yana tsaye a ƙofar gida, ya yi aski, ya sa sabuwar hula. Ya ga goro ya dawo. Na ba shi labari yadda yake, ban rage komai ba, don ƙaryar ranar ta ishe ni. Ya saurara har ƙarshe, sannan ya ce a hankali, "Baffa, da ka bar shi a mota." Da zagina ya yi da ya fi mini sauƙi. Ya koma wajen aikinsa, ya daina zuwa cin tuwon dare gidana. Maiɗakina kullum da safe sai ta buɗe ƙunshin goron ta yayyafa masa ruwa kada ya bushe, kuma sai ta tabbatar ina kallo.

Haushin kaina ya sa na yi abin da har yau nake da-na-sani. Na jawo akwatin nan, na juye littattafan a kan sikeli, na kira wani mai balangu na ce ya kwashe. Ya ce masu hoto ba sa shan mai sosai, sai dai in rage masa kuɗi. Na rage. Ko ciniki ban yi ba, ni da ake cewa ba a cin ribata.

Bayan kwanaki aka aiko Malam Babba yana nemana, ni kaɗai. Na tafi da ƙaramar riga marar aljihu. Na iske shi a zaure ba kowa, littafin yana gefen buzunsa. Na tsuguna daga nesa.

"Matso, Alhaji. Abin naka ya daina kuka. An ce wai batir ne."

Ashe tun ranar yake hannunsa, shi da 'yan jikokinsa, har suka ƙarar da shi.

"Kukan bai yi daidai ba," in ji shi. "Namu ya fi wannan kauri. Ina saurayi na hau daga Kano zuwa Zariya neman karatu. Na shiga da farar riga, na sauka kamar mai sayar da gawayi. Kai wane layi ka hau?"

Na ce a raina ga wata ƙofar ƙarya an sake buɗe mini. Na haɗiye.

"Allah ya gafarta Malam, ban taɓa hawa ba."

"Ko sau ɗaya?"

"Ko sau ɗaya. A hoto na san shi."

Ya yi dariya har da tari. "Ashe irin ɗalibaina ne kai. Su karanta maka babin aikin Hajji da ka, ba su taɓa wuce unguwar Bacirawa ta Kano ba."

Na ga fuska ta saki, sai na yi ƙarfin hali. Na ce laifina ne ba na yaro ba, in ana so a turo wani babban a madadina, za a turo. Kada wautata ta hana Nasiru abin da ya daɗe yana nema.

"Kai za mu ba wa yarinyar?" Ya juyo da fuskarsa inda muryata take. "Yaron mun bincika shi tun kafin ku zo. Mun tambayi masallacinsu, mun tambayi manoman da yake yi wa gyara. Ba wanda ya kawo aibinsa. Habibu ya yi ta faɗa a kan kiɗa a zaure, na ce masa ba yaron ya kunna ba."

"To Malam, da aka sallame mu ba addu'a..."

Ya rage murya kamar wani zai ji. "Alhaji, tun da giwar nan ta yi kuka nake riƙe da dariya. Da na buɗe baki zan yi fatiha, ita za ta fito, a gaban ɗalibaina. Shi ya sa na ce ku tashi. Kafin in dawo hayyacina Habibu ya mayar muku da goro."

Ya ce mu dawo ranar Juma'a da kayanmu. Amma ya gindaya mini abu biyu. Na farko in je in nemi gafarar mutumin da na ɗora wa laifi a gaban jama'a, don shi wannan ba abin dariya ba ne. Na biyu in taho da batura.

Ɗanjuma ya yafe mini, amma sai da ya karɓi ladansa. Kafin kasuwa ta sake ci ba rumfar da labarin bai shiga ba, da ƙarin da ya yi masa (a bakinsa har zaki ya yi gurnani). Ranar Juma'a muka koma, ya tsaya a ƙofar zaure ya lalube ni tas kamar ɗan sanda kafin ya bari in shiga. Aka karɓi goro, aka yi addu'a, Malam Habibu ma ya ce amin, ko da yake bai dube ni ba. Bayan girbi aka ɗaura.

In na zauna lissafi, asarar ba kaɗan ba ce. Akwatin da na yi shekaru ina tarawa ya tafi a naɗin balangu, abin da na sake samu tun daga lokacin bai rufe gindinsa ba. Ƙaramin littafin ya zama na Malam Babba, ni ne kuma mai kai batura. Sunan da iyayena suka raɗa mini ya ɓace a kasuwa, yanzu Alhaji Jirgi ne, har a bakin masu ƙosai. Ribar kuwa, amarya Rukayya tana ɗakin Nasiru, yaron ya dawo cin tuwo gidana, kuma na daina jan labule in zan buɗe littafi, tun da ba sauran wanda zan ɓoye wa. In aka auna, ban faɗi ba.

Abin da na koya bai da yawa. Kafin ka tsuguna a gaban manya, ka zazzage aljihunka. In kuma har sai ka ɗora wa wani laifinka, kada ka zaɓi mutumin da ya san yawan jikokinka.